Faifan Amurka a Akwatin Tanimu Tela

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Yaya Tanimu a Dogarawa ya san ba abin da ke kwana tsirara a gidan nan. Buta da rigarta. Rediyo da rigarsa, har da aljihun ajiye batir. Fanka, agogon bango, sirdin keke, kai, hatta kwalbar man keken ɗinki sai da ya yi mata 'yar shara. Shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinki a Sabon Gari, kuma a wurinsa duk abin da aka bari ba sutura to an ci mutuncinsa ne. Na taɓa mance jakar hannuna a shagonsa kwana biyu. Da na koma ɗauka sai na tarar an ɗinka mata jaka. Na ce, "Yaya, ita ma fa jaka ce." Ko ɗago kai bai yi daga kan keke ba, ya ce, "To jaka ba ta da mutunci?"

Ni taubashiyarsa ce, uwata ƙanwar mahaifinsa, don haka abin da 'ya'ya da surukai ke jin nauyin faɗa yau da muka yi masa sadakar arba'in, ni zan faɗa, ba kuma wanda ya isa ya rufe mini baki. Shekara talatin ina koyarwa a firamare a Samaru, bai taɓa kirana da sunana ba sai "Malama". Kada ku ɗauka girmamawa ce, yana faɗa yana taɓe baki.

Jiya jikokinsa suka tsare ni da tambayar me ya sa duk gidan rimot ne kaɗai ba shi da riga. Amsar tana da tsawo, kuma ta faro ne daga rasuwar matarsa Asabe.

Lokacin da Asabe ta rasu, Haruna, ɗansu namiji tilo, yana Amurka. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi, takardunsa kuma suna cikin halin da in ya fito ba lalle ya koma ba. Bai zo ba. Ranar uku ya bugo waya yana kuka, aka miƙa wa uban. Yaya Tanimu ya saurara kaɗan, sannan a gaban masu gaisuwa ya ce wallahi kunnensa ba zai ƙara jin muryar Haruna a waya ba, ya miƙo mini wayar kamar ta ƙona shi. Zafin mutuwa ne ya yi magana, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma ya riga ya rantse a gaban mutane. Limamin unguwa ya zauna da shi ya fi sau uku, ya ce irin wannan rantsuwa karya ta ya fi alheri, a yi kaffara a wuce wurin. Yaya Tanimu ya ce kaffara ta mai nadama ce, shi kuwa bai kai nan ba tukuna. Haka aka kwashe shekara uku, duk saƙon da ke tsakanin ɗa da uba sai ya bi ta bakina.

Ta bakin nawa kuma labarin auren Haruna ya zo. Wata 'yar Kaduna ce da ke karatu a can. Na je na faɗa masa a shago, ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ci gaba da taka keke. Ashe ina fita ya rufe shago ya koma gida ya buɗe akwatin marigayiya. Akwai wata shadda yadi goma da Asabe ta saya ta ajiye tun da ranta, ta ce ranar auren Haruna za a ɗinka. Launin sararin samaniya ce mai haske sosai, in ba ka lura ba sai ka ce fara ce ta sha bula. Mako uku yana kanta: babbar riga, 'yar ciki da wando, ba awo, da jikin da ya sani shekara bakwai baya ya yi aiki. Ya naɗe ya ba wani malamin jami'a mai kawo masa ɗinki, wanda zai je can taro. Na ce ya haɗa da 'yar wasiƙa ko layi biyu ne. Ya ce, "In ya sa, ya amsa. In bai sa ba, ya amsa."

Bayan wata huɗu amsar ta iso a hannun malamin nan. Faifan bidiyo ne guda ɗaya, an rubuta "Baba" a jiki. Ba wasiƙa, ba hoto ko ɗaya, kuma lokacin waya ba ta fara ɗaukar hoto tana aikawa kamar yanzu ba. Na tuna masa cewa ƙila a ji muryar Haruna a ciki. Ya ce shi waya ya ambata a rantsuwarsa, faifai kuwa ba waya ba ne, in ina musu in je in tambayi liman.

A nan sai in gaya muku abin da ya ɓoye wa da yawa daga cikinku. A lokacin idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sahu. Ni na raka shi asibiti, da kunnena na ji likita ya ce ba irin ciwon da ake wankewa ba ne, sai dai a rage masa gudu da ɗigo. Aikin zare a wuyan riga ya daina ganinsa in ba ya kai hanci ba. Abin da ya rage masa sosai shi ne launi. Saboda haka ba fuska yake nema a faifan ba, ba kuma muryar kowa ba. Shaddar Asabe yake so ya gani a jikin ɗanta, tun idon bai rufe ba.

Yana da tsohon akwatin talabijin mai jikin katako da ƙofofi biyu, wanda suka saya shi da Asabe tun Haruna na rarrafe, amma ba shi da na'urar saka faifai. Muka je PZ, layin masu sayar da kayan lantarki, muka sayo. Kafin in dawo washegari da hantsi ya riga ya yi wa na'urar riga, ya yi wa rimot ɗinta. Ta rimot ɗin ma aiki ya zuba mata: atamfa ninki biyu da kwali a tsakani, an ɗinke ta ruf, sai 'yar ƙofa a baya ta canjin batir. Ya huda ramuka huɗu daidai maɓallan da ya ga suna da amfani, na kunnawa, na buɗe bakin na'ura, na tafiya, na tsayawa. Sauran ya ce masu ƙerawa sun zuba su ne don yara su sami abin ɓatawa.

Muka jona, muka yi bisimilla, ya danna.

Kiɗan biki ya tashi tar, ba abin da ya same shi. Hoton ne ya ƙi. Da farko dai ba launi ko ɗis, komai toka-toka ne. Sannan ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, hawa yake ta yi, kawunan mutane su fice ta saman gilashi su ɓullo ta ƙasa, wani baƙin layi yana bin su a baya. Ga ango da abokansa su bakwai a jere, kowa da babbar riga, kuma dukkansu farare a wannan hoton. Muka dinga bin su da ido, mu ɗaga kai mu sauke, mu ɗaga mu sauke, ni da shi kamar ƙadangaru a kan katanga. Bayan minti goma jiri ya fara ɗibata.

Ya kashe, ya tambaye ni ƙarfe nawa ne yanzu a Amurka. Na lissafa na ce ko asuba ba ta yi ba.

"To me kike so ki gani a cikin duhu? A bari gari ya waye musu."

Ku yi mini dariya, na cancanta. Ni mai koyar da yara kewayawar duniya na zauna a gidan nan har la'asar ina jiran gari ya waye wa faifai. Na san maganar ba ta kama hankali ba, amma wallahi ba ni da wadda ta fi ta. Labaran rana sun zo a akwatin nan da launinsu, mai karantawa da jan ɗankwali, zaune daram. To me ya hana faifan? Bayan la'asar muka sake kunnawa, aka koma gidan jiya. Ya matsa kusa, ya ƙura wa tokar nan ido, ya ce da alama akwai hadari a garin.

Daga nan aka shiga magani. Ya hura wa faifan hucin baki ya goge da ƙyallen leshi. Wani maƙwabci ya ce man goge baki, aka shafa. Ya shanya shi a kan kwano rabin yini, wai ya sha sanyin jirgi. Akwatin ma ya sha mari, gefen dama da na hagu. Wata rana na shigo na tarar ya ɗora dutsen guga na gawayi, irin mai nauyin nan, a saman talabijin. Na tambaya, ya ce ba hawa hoton yake yi ba? To a danne shi. Da bai dannu ba sai ya ce laifina ne, tunda ni na nuna wannan na'urar a shago, kuma tun ina yarinya ba ni da hannun zaɓe.

Na ce ya ba ni faifan in gwada a nawa akwatin a Samaru, ya fi nasa ƙuruciya. Ya ƙi. Ya ma riga ya yi wa faifan aljihu na musamman a cikin 'yar cikinsa, daidai ƙirji, da maɓalli. Na ce to bari in tambayi Haruna kawai a huta. Ya ce in na tambaya zai ce ya sa ko da bai sa ba, don baki yana kara, launi ba ya kara. Na tafi gida na buga a ɓoye. Na ce, "Haruna, don Allah ka sa rigar ko ba ka sa ba?" Sai ya ce, "Gwaggo, yana cikin faifan." Na ajiye waya na riƙe baki. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da abin ya ci tura na lallaɓa shi muka koma PZ wurin Oga Chidi, wanda ya sayar mana da na'urar. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yaya Tanimu ya zauna a benci ya kwatanta masa matsalar kamar mai karɓar wa mara lafiya magani a kemis: murya lafiya lau, amma ya yi fari fat, ga jiri, ba ya iya tsayuwa. Oga Chidi ya tambayi daga ina faifan ya fito. Da ya ji Amurka sai ya kaɗa kai ya ce ai sistam ne, akwatin Baba tsoho ne, hanya ɗaya ya sani. Ni ban gane ba, Yaya Tanimu kuma bai yarda ba. Ya ce inci inci ne ko a Makka, talabijin kuma talabijin ne.

Oga Chidi ya ce a kawo faifan ya saka a sabon akwati a nan, minti biyu a ga zahiri. Yaya Tanimu ya dafe ƙirji daidai aljihun, ya tambaye shi ko a garinsu ana kallon suruka a tsakiyar kasuwa 'yan acaba na leƙe. Oga Chidi ya ce zai ja ƙofa. Yaya Tanimu ya ce to shi fa? Oga Chidi ya ce zai juya baya. Yaya Tanimu ya ce ai zai ji. Ƙarshe mutumin kirki ya ce to a ɗauki sabon akwati a kai gida, in ya yi a saya, in bai yi ba a dawo da shi.

"A akwatin da uwarsa ta yi kallo zan gan shi," in ji Yaya Tanimu. "Yana nuna labarai da kala, yana nuna ƙwallo da kala, sai ɗana ne zai ce bai sani ba?"

Mun fito muna jiran mota a bakin titi, rana na dukanmu, sai ya ce da ni a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, ko dai shi ya sa aka cire kalan? Don kar in gane bai sa ba." Da me zan ƙaryata? Ina na san abin da ake iya yi da wanda ba a iyawa a Amurka? Ga kuma amsar da yaron ya ba ni a waya. Gaskiya ni ma zuciyata ta fara raya mini haka, kuma na ji tsoro. Kwana biyar bai buɗe shago ba. A cikin kwanakin ne ya tambaye ni ko rana ta faɗa cikin gajimare, alhali tana nan ƙwal.

Allah ya taimake mu Malam Yohanna ya dawo daga girbi. Maƙwabcina ne a Samaru, mutumin Wusasa, ya yi ritaya daga gyaran na'urori a jami'a. Yaya Tanimu ne ke ɗinka wa mawaƙan cocinsu riguna, sun shekara ashirin suna faɗa a kan tsawon hannun riga. Ta kan katanga na ba shi labari. Ban kai ga dutsen guga ba ya fara dariya har da riƙe ciki. Ya ce gobe bayan la'asar in same shi a Dogarawa, kuma kada a sayi komai.

Ya zo a babur ɗinsa, ya kalli hoton rabin minti, ya ce a kashe. Ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla. Faifan lafiyarsa ƙalau, akwatin ma haka, ba kuma wanda ya cire komai. Ashe hoton talabijin layi-layi ake jera shi, kuma ba kowace ƙasa ke jerawa iri ɗaya ba. Namu tsarin ana ce masa PAL, layi ɗari shida da ashirin da biyar. Na Amurka ana ce masa NTSC, layi ɗari biyar da ashirin da biyar.

Yaya Tanimu ya ɗaga hannu. "Tsaya. Layi ɗari. Ina suka kai su?"

"Ba inda suka kai su. Haka awonsu yake."

"Shekara arba'in ana cewa tela na cin ƙyalle. Ashe ga manya can."

Malam Yohanna ya ci gaba. Su a daƙiƙa ɗaya hoto talatin suke saki, mu ashirin da biyar, shi ya sa tsohon akwati ya kasa riƙe shi yake ta hawa. Yadda suke ƙunshe launi a cikin hoton ma daban ne, akwatin bai san ta inda zai kwance ba, sai ya nuna baƙi da fari. Ni dai tun daga daƙiƙa kaina ya ɗaure, ina gyaɗa kai ne kawai don kada mutuncin malanta ya zube. Shi kuwa gogan sai ga fuskarsa ta washe. Ya ce wato wandon gajere aka miƙa wa dogo. Malam Yohanna ya ce kusan haka. Ya ce to ana iya ƙari? Malam Yohanna ya ce na'urar da muka saya da kanta tana iya mayar da awon can zuwa namu, sai dai a gaya mata, kuma maɓalli ɗaya ne tak a jikin rimot. Ya miƙa hannu a ba shi rimot.

Aka ba shi. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya dube ni, na dubi silin.

Ya ce a cire rigar. Yaya Tanimu ya ce ba a cirewa, a danna ta sama. Malam Yohanna ya laluba ta kan kwali ya danna wani wuri, murya ta ɗauke. Ya danna wani, hoton ya kumbura, hancin wani abokin ango ya cika gilashi yana hawa yana sauka. Ya danna na uku, sai ga rubutun Sin ya jeru reras. Ya ajiye ya ce shi fa ba boka ba ne, sai ya ga abin da yake dannawa. Yaya Tanimu ya kafe kai da fata, ya ce tun da ya fara taka keke ba a taɓa farke ɗinkinsa ba, ba kuma a kan rimot za a fara ba. Suka ɗauko tsohon faɗansu na hannun riga suka haɗa da wannan. Rana tana ta yin ƙasa.

Ni ce na gaji. Na ce, "Yaya, ɗigon likita ba tsayar da idon nan yake yi ba, rage masa gudu kawai yake yi. Rigar rimot za ta jira ka. Idon ba zai jira ba."

Ban taɓa faɗin maganar idonsa a gaban wani ba. Na zaci zai kore ni. Sai ya ce in miƙo masa reza a cikin gwangwanin maɓallai. Malam Yohanna ya ce ya kawo ya taya shi, ya ce a'a, wanda ya ɗinka shi ke farkewa. Bai ga zaren ba, da ɗan yatsa ya dinga lalubawa yana yankewa ɗaya bayan ɗaya. Da atamfar ta buɗe sai ga maɓallai birjik, sababbi ful, ba wanda yatsa ya taɓa taɓawa. A can ƙasa akwai wani ɗan ƙarami mai haruffa biyu, N da P. Mako biyar muna zargin Amurka da sanyin jirgi da Haruna bawan Allah. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Malam Yohanna ya gyara ɓarnar da ya yi da farko, ya danna ɗan maɓallin. Gilashin ya yi ƙif, ya yi baƙi, ya dawo. Hoton ya tsaya cak. Sai ga jan kafet, ga koren mayafin amarya, ga furanni ruwan ƙwai. Ni ce na yi salati da ƙarfi.

Yaya Tanimu ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban akwatin, hancinsa kusan yana taɓa gilashi. Aka nuno ango da abokansa. Uku a dama da fararen riguna, uku a hagu da fararen riguna, na tsakiya kuma daban yake.

"Malama, kalan me kike gani?"

"Ka faɗa da bakinka."

Ya ɗora tafin hannunsa a gefen gilashin. "Shaddan Asabe ne."

Muka bar faifan yana tafiya. Haruna ya yi jiki sosai a shekarun nan, wuyan 'yar cikin ya ƙi haɗuwa, kowane ɗan lokaci sai ya kai hannu ya ja shi. Haka ya yini da ita, ya gaisa da mutane da ita, ya ci abinci da ita. Ban yi niyyar nuna wa Yaya Tanimu ba, ashe ya lura da hannun da ke ta zuwa wuya. Ya koma da baya ya zauna a ƙasa, ya ce, "Ina wayan naki?"

Halin taubashi bai bar ni ba, na ce rantsuwar fa? Ya ce ni aka aiko? Na buga, ya shiga, na miƙa masa. Ina jin muryar yaron daga inda nake yana cewa "Gwaggo? Gwaggo?"

"Haruna."

"Baba."

Na san shekara uku yana tsara abin da zai faɗa, kuma duk ya gudu.

"Wuyan ya matse ka."

"A'a Baba, daidai yake."

"Ƙarya kake yi. Na gani."

Daga nan ba a ƙara jin magana ba sai kuka, can da nan. Malam Yohanna ya tashi ya fita duba babur ɗinsa, wanda ba abin da ya same shi. Ni ma na yi nawa kukan, ban ɓoye ba.

Washegari ya je wurin liman da kansa. Liman ya ce kaffarar rantsuwa ciyar da mabukata goma ce, ko tufatar da su. Yaya Tanimu ya ce a tsaya nan, kada a ƙarasa. Ya auno yadi, ya zauna ya ɗinka jamfa goma. Ni nake zura masa zare a allura, kullum in na tashi daga makaranta. Wata aljihunta ya karkace, wata hannu ɗaya ya fi ɗaya, ban faɗa masa ba. Ya raba wa 'yan dako da masu gadi a kasuwar Sabon Gari, yana gaya wa kowa cewa ragowar yadi ne ya rasa yadda zai yi da shi. Su ne ɗinkinsa na ƙarshe. Shekara ba ta zagayo ba idon ya rufe.

Takardun Haruna ba su daidaita ba sai bayan shekara biyu. Ya zo da matarsa da ɗansu, suka durƙusa a gabansa, ya shafa kawunansu da fuskokinsu. Bai gan su ba. Abin da ya gani a akwatin nan ran nan kafin magariba shi ne ganinsa na ƙarshe da ɗansa, kuma da mun ƙara wata biyu muna ɗora dutsen guga, da ko shi bai samu ba.

Har ya kwanta ciwon ajali yakan sa a kunna masa faifan. Ya haddace kiɗan, ya san daidai inda ake nuno ango. Sai ya juyo da fuska wajenmu, mu masu ido, ya ce, "Ku duba na tsakiyan. Ba fari ba ne, ku duba da kyau."

Allah ya jiƙan Tanimu. Allah ya yafe masa taurin kansa, mu ma ya yafe mana namu. Ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a inda ido ba ya dushewa, ya haɗa shi da Asabe, ya gaya mata da bakinsa cewa yaron ya sa rigar. Amin.